Hadari Bai Iya Karatu Ba

Tun a mota ka tsara mana yinin, Isiyaku,
a bayan takardar kuɗin wuta:
gidan tarihi ƙarfe tara,
gidan namun daji sha ɗaya,
har azahar ka yanka mata minti goma.
Na yi shiru abina.
Na san hadari bai iya karatu ba.

Muna fita masauki yayyafi ya tare mu,
irin na Jos, marar hayaniya.
Tawada ta narke a aljihunka,
ta bar shuɗin tabo a ƙirjin farar riga.
Ka dubi tabon, ka dube ni:
"To, Balaraba, yanzu ina muka nufa?"
Na ce, "Inda ƙamshin nan yake fitowa."

Wata dattijuwa ce a lungun Gangare,
tanda a gabanta, masa tana kumbura.
Ta ƙirga goma, ta ɗora biyu gyara,
ta ce, "Baƙi ne ku, haƙoranku sun faɗa mini."
Mu 'yan Gusau, da rana ta rena,
ga mu muna hura tafin hannu a watan takwas.

A Farin Gada kabeji ya yi tsibi ya fi ni tsawo,
karas da jar ƙasa a jikinsa, bai daɗe da barin kunya ba.
Ka tsuguna cinikin kwandon dankali,
rabin sa'a kana ja, yana ja,
sai da ya ce ya sallama
ka tuna ba mu da tukunya a garin nan.
Mutumin ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
ya damƙa mana atile mai ɗumi a leda,
wai ladan hira.

Waya ta yi kuka sau uku a jakata.
Yara ne, sun rasa inda nake ajiye daddawa.
Na faɗa musu, na kashe ta.

Rumfar Ngo Chundung ba ta cikin takardarka.
Gwaten acca, da yakuwa, da ɗacin gauta kaɗan.
Kai da ka ce ba ka cin abin da ba ka sani ba,
kwano na biyu ka miƙa ba ka ko kalle ni ba,
gumi ya tsattsafo maka a hanci,
ga hazo yana lulluɓe duwatsun Shere.

La'asar ta same mu a bakin tsohon ramin kuza,
ruwa kore, kwance, ba ya zuwa ko'ina.
Can gefe duwatsu sun hau kan juna
kamar mace ta jera ƙore ta tafi unguwa.
A nan na lura da abin da ya dame ni tun safe:
shekara goma sha tara ƙeyarka nake bi,
zuwa asibiti, zuwa tasha, zuwa gaisuwar mutuwa,
taku uku kullum a gabana.
Yau kafaɗarka ce a gefen tawa.
Ashe kana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.
Ashe idan ba abin da ke korarka
kana waƙa ƙasa-ƙasa, kuma ba ka iya ba.

Ban faɗa maka ba.
Na ce dai a nemo tsire kafin duhu.

Muka ci shi a tsaye kusa da Taminus,
yaji yana sa mu hawaye, sanyi yana share su.
Ka ce, "Ba mu ga komai ba fa yau."
Na ce, "Haka ne."
Ka ce gobe za ka sake rubuta wata.
Na ɗaga kai na dubi gabas, walƙiya tana wasa.

Rigar nan kuwa, in mun koma gida,
kada ka tambaye ni me ya sa tabon bai fita ba.